Ƙwan da Ba a Mayarwa

"Ba yau za a yi mata aiki a asibiti ba?"

"Shekaranjiya dai aka sa, ta ƙi zuwa. Ga ta can a ɗakin duhu tana haska ƙwai."

"To takardar likita fa?"

"Tana aljihu. Wai ta ɗiga mata fensir."

Wadda ake gulmarta ita ce Mai Fitila. Shekara ashirin da shida tana aiki ɗaya a gidan ƙyanƙyasar kaji: ta zauna a ɗakin da ba taga, ta ɗora ƙwai a bakin fitila, ta ga abin da ke ciki. Ƙwai mai rai yakan yi jajir kamar rana za ta faɗi, jijiyoyi sun bazu kamar saiwa, wani ɗan duhu na lilo a tsakiya. Wani lokaci har ta manta da ƙafafunta a ƙasa.

An san ta da hali guda. In ta yi shakkar ƙwai ba ta yar da shi. Sai ta ɗiga masa fensir, ta mayar cikin injin ɗumi, ta ba shi kwana uku. Kaji da yawa sun yi cara albarkacin wannan ɗigo.

Ba ciwo ya kai ta asibiti ba. Ƙanwarta Auta, wadda ke wanke tire a wurin, ita ta ja ta gwajin hoton mama. Da likita ta ɗaga hoton a haske, Mai Fitila ta riga ta gani: ɗige-ɗige farare a hagu, kamar an barbaɗa gishiri a sararin sama. Aka sa allura aka ciri ɗan nama. Bayan mako guda likitar ta zana mata 'yar hanya a takarda.

"Inna, wannan hanyar nono ce. Ƙwayoyin cutar daji suna ciki, amma ba su fasa bangon ba."

"Wato yana cikin ɓawo."

"Yauwa. Mukan kasa su uku: masu nawa, matsakaita, da masu gaggawa. Naki na gaggawa ne. Za mu cire wurin da ɗan kewayensa, sannan a riƙa haska shi da na'ura na 'yan makonni. Maman na nan, ba za a cire ba."

Ta ce to. Amma da ta shafa wurin, ba ƙullutu, ba zafi. Ta ninke takardar ranar aiki, ta ɗiga mata fensir a kusurwa, ta sa a aljihu. A sake haskawa nan gaba a gani.

Yau da hantsi Auta ta turo ƙofar ɗakin duhu da tire a hannu, tana yatsina fuska.

"Yaya, ƙwanki mai ɗigo ya fashe a inji na biyu. Ya ɓata goma sha ɗaya na kusa da shi. Ni da hancina mun gode."

Mai Fitila ta jawo guntun ɓawon. Ɗigonta ne. Ta tuna ƙwan: akwai siririn zoben jini a ciki, alamar ɗan ya mutu, ta gani sarai, zuciyarta ce ta ƙi.

"Ke ce kika koya mini," in ji Auta, tana goge hannu a zane. "Mai shakka a ba shi kwana uku. Mai zobe ba a mayarwa."

"Yau kuma ƙwai ke koya wa kaza?"

"In kazar ta tsufa."

Mai Fitila ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki wani ƙwan ta ɗora a fitila. Ɗakin ya cika da jan haske, ɗan duhun ciki ya motsa a hankali kamar mai juyi cikin barci. Ta daɗe tana kallon ɓawon, siriri, haske na ratsa shi, amma har yanzu ya riƙe komai. Ɗayan hannunta na kan ƙirjinta, ba ta san sa'ad da ya je ba.

Ta ajiye ƙwan a gurbinsa, ta zaro takardar, ta murza ɗigon da yatsa har ya dushe.

"Auta, wanke hannunki ki kira mini likitar nan. Ki ce ta yi haƙuri, ta ba ni wata rana, mafi kusa da take da ita."