Kwallin Iya da Hodata

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, wata safiya na ji ƙarar niƙa daga ɗakin surukata. Ba irin ta hatsi ba ce. 'Yar siririya ce, ƙis-ƙis, kamar ana murza yashi a kan faranti. Na san Iya ce ke niƙa kwalli a ɗan dutsenta, sai na ce a raina: ita dai tsohuwar nan, gida yana cikin damuwa tana ta kwalliya.

Damuwar kuwa yarinya ce. 'Yar ƙanwar maigidana, shekararta tara, aka kawo mana ita daga Guri a kwalekwale, lokacin da ruwa ya shafe hanya. Cutar agana ta shiga gidansu, ta ɗauke uwar, ta bar yarinyar da zanzana a fuska tun daga goshi har haɓa. Ranar da ta iso ta leƙa randa za ta sha ruwa, ta ga kanta. Tun daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ƙuryar ɗakina. Wata biyu rana ba ta ga fuskarta ba. Abinci ma sai ta juya wa mutane baya take ci.

Ni kuma a lokacin ina amarya, ban daɗe da dawowa daga makarantar 'yan mata ta Kano ba, kaina cike da Turanci. A Haɗeja matan da suka yi irin karatuna ba su da yawa, kuma ban bari kowa ya manta ba. Malamarmu Baturiya ta taɓa ɗaukar mako guda tana koya mana yadda ake maganar kwalliya daidai. Ta ce a Turanci mace sanya hoda take yi, da kalmar da ake sanya riga, kuma da dare ta cire ta da kalmar da ake cire riga. Wadda ta ce ta yi wa fuskarta fenti, sai aji ya kwashe da dariya, malama ta ce, "Ke bango ce?" Akwai kalmar ɗan taɓa hodar a hankali, akwai ta goge abin da ya yi yawa. Da aka yi jarrabawa ni na zo ta ɗaya, aka ba ni kyautar gwangwanin hoda mai madubi a murfi. Na adana shi a ƙasan akwati kamar zinariya.

To, ana gobe sunan jaririn maƙwabciyarmu, sai na ƙudurta cewa yarinyar nan za ta fita. Na zauna kusa da ita ina kallon tabarma, kamar yadda nake yi mata magana kullum, a ganina kada in kunyata ta. Na ce, "Ina da maganin Turawa. In na sanya miki, babu wanda zai ga komai."

Ta ce, "Inna, da gaske?"

Na ce da gaske. Allah Ya yafe mini wannan alkawari.

Washegari da hantsi, ƙarar niƙan Iya tana shigowa ta taga, na buɗe gwangwani. Yarinyar ta sauke mayafi da kanta. Na shiga aiki ina faɗin kowane mataki da Turanci, ina sa ta maimaita, wai ina koyar da ita. Ko kuskure ɗaya ban yi ba a Turancin. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne, hodar nan don fatar malamarmu aka yi ta. Da na goge, sai ta bar inda yake sumul ta zauna a cikin ramukan. Kowane tabo ya fito fari fat a kan baƙar fata, har da waɗanda da ba a lura da su. Na ƙara, abin ya ƙara muni. Kafin in rufe murfin ta riga ta ga madubi.

Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Wani ɗan sauti kawai ta yi, kamar na ɗan akuya da aka taka, ta kife a kan tabarma.

Niƙan ya tsaya. Sai ga Iya a bakin ƙofa, da tandun kwalli a hannu ɗaya, ƙoƙon man shanu a ɗayan. Ta dubi yarinyar, ta dubi gwangwanin.

"'Yar boko, farar ƙasa kika shafa wa ƙawata? Ita ɗakin amarya ce?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce in kawo ruwan ɗumi. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta jawo yarinyar ta ɗora kanta a cinya.

"Tashi, ƙawata, kin fi ni nauyi. Kullum kina ɓoye kina cinye mini tuwo."

"Iya, ki bar ni. Na zama dodo."

"Dodo? To mu biyu ke nan. Kawo hannunki."

Ta kama 'yan yatsun yarinyar ta ɗora a kan kumatunta, ta bi da su a hankali har gefen hanci. Na ga yarinyar ta ɗago kai. Ni ma, karo na farko, na ɗaga ido na kalli surukata sosai. Shekara guda ina gidan nan, kunyar surukuta ba ta bar ni na tsaya a kan fuskarta ba. In na saci kallo, idanun kawai nake gani, manya, zagaye da kwalli. Ashe duk fuskar Iya zanzana ce. Tsufa ya lulluɓe ta, amma tana nan, rami-rami, ta ma fi ta yarinyar yawa.

"Ina kamar ke ta kama ni," in ji Iya. "Mu huɗu muka kwanta, ni kaɗai na tashi. Kakanki ya gan ni a bakin kogi ina wanki, ya kasa tuƙa jirginsa, sai da ya shiga cikin kaba. Tambayi kowa."

"Da wannan fuskar?"

"Da wacce kuma? Aro na yi?"

Yarinyar ta yi wani abu mai kama da dariya.

Abin da na gani bayan nan har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Iya ta wanke hodata tas. Ta shafa man shanu ɗan kaɗan, har fatar ta yi sheƙi, ba ta ɓoye ko tabo ɗaya ba. Ta yi bismillah, ta tsoma tsinke a tandu, ta ja kwallin nan da ta kwana biyu tana niƙawa har ya yi laushi kamar toka. Ja ɗaya a kowane ido, hannunta bai girgiza ba, ita da ko zare ba ta iya sa wa allura. Sannan na gane ba don kanta take niƙan ba. Tun da ta ji an haihu a maƙwabta take shirin wannan rana, ni na yi mata shigar sauri.

Ta ce, "Buɗe."

Yarinyar ta buɗe ido. Subhanallah. Wata biyu tana kwana a ɗakina ban san Allah Ya yi mata irin waɗannan idanu ba. Zanzanar tana nan, ko ɗaya ba ta ɓace ba, amma ido ba ya tsayawa a kanta, sai ya wuce can.

Iya ta ɗaura mata kallabi, ta tura shi baya don goshi ya fito. Ta miƙa mini mayafin ta ce, "Ninke wannan ki sa a akwatinki, wajen maganin Turawa." Ta riƙe hannunta suka fita, ni ina biye. A gidan suna wata yarinya ta nuna ta da yatsa. Iya ta ce, "Kin ga mai kyau ko? Matsa ki ba ta wuri." Ta matsa. Kafin azahar na hango tamu yarinyar tana cin masa da hannu biyu a tsakiyar sa'o'inta.

Turancina bai tafi a banza ba, na koyar da shi ga 'ya'ya da jikoki, kuma har gobe in na ji an yi kuskure a maganar hoda sai bakina ya yi ƙaiƙayi. Amma na daina ɗaukar cewa wanda ya san sunan abu daidai ya san abin. Na kuma gane kawar da idon da nake yi, ina kiransa tausayi, kullum faɗa wa yarinyar yake yi cewa fuskarta ba ta kalluwa. Iya ba ta taɓa yi mini wannan faɗan ba, Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta. Wadda ta faɗa mini ita ce yarinyar.

Da la'asar muka dawo, ina zuba mata ruwan alwala, na tsaya ina kallonta ban sani ba. Ta ɗago, kwallin ya ɗan zubo a gefen ido, maiƙon masa a haɓa, ta ce:

"Inna, yau kin kalle ni."