Raka'a Biyun da Suka Raba Ɗana da Aikinsa

Sallama gare ku masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni tsohuwa ce mazauniyar Utaibiyya a nan Makka. Ban yi boko ba, alƙalami bai san hannuna ba. Matar wani ɗalibi Bakano da ke haya a gidanmu ce ke rubutawa ina faɗa mata, kuma na ce kada ta gyara mini magana. A goye aka shigo da ni ƙasar nan, a nan na yi wayo, a nan na binne mijina. Da waina da kunun gyaɗar da nake kaiwa Arfa lokacin aikin Hajji na raini 'ya'yana. Sa'adda abin nan ya faru ni mace ce mai ji da kanta, mai ganin duk wanda ya tashi yana kallon Ka'aba ba sauran abin kallo da ya rage masa a duniya. Har yau ban sauka daga kan wannan ba.

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, yana aiki da wata sharika mai kai mutane yawon buɗe ido. Shi ne jagoran masu zuwa Andalus, wadda yanzu ake ce wa Sifaniya. Ɗan mai waina ne, ba wanda ya tsaya masa, da kansa ya koyi yarensu har ya kai nan. Shi ya nace sai ya kai ni na ga abin da Musulmin dā suka gina. Bai faɗa mini baki da baki ba, don akwai kara tsakaninmu, matarsa ya turo. Na ƙi, na sake ƙi, har ta ce mini ransa ne zai sosu, yana so a ga shi ma ya fita da uwarsa. Sai na shirya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ƙasar tana da kyau. An kai mu wata fada a kan tudu, ruwa na bin tsakar ɗakuna, ga zakuna na dutse suna tofar da shi, bango kuwa duk rubutun Larabci kamar an saƙa. Na ga teku shuɗi fiye da na Jidda. Na ga itatuwan lemo a bakin titi ba mai tsinka, na tsinki ɗaya, ɗaci kamar maɗaci, na ce to shi ya sa. Duk inda aka tsaya Larabawan da muke tare da su suna ɗaukar hoto, ni kuwa ina neman inuwa.

Ranar da za a kai mu wani tsohon masallaci, ɗana ya miƙe a cikin mota ya yi wa kowa bayani. Ya ce wurin ya daɗe da zama coci, kallo kawai ake shiga, salla mamnu'u ce, an hana. Ya ce don Allah kada wani ya gwada, domin in aka samu wanda ya yi a cikin mutanensa, shi za a kama da laifi, aikinsa ne zai tafi. Ina kujerar baya, na ji shi sarai. Ba zan ce ban ji ba. Na ma yi niyyar bi.

Amma da muka wuce farfajiyar lemo muka shiga, sai na ga ginshiƙai jere kamar gonar dabino, da bakunan gini ja da fari har inda ido ya ƙare. Sanyin wurin irin na masallaci ne, ko makaho ya shiga ya sani. Na bi mutane har gaban mihrabi, ga ayoyi da ruwan zinare, ga Turawa da takalmansu suna nuna shi da yatsa. Ni kuwa tunda nake ban taɓa shiga masallaci na fita ban gaishe shi ba, kuma da alwalata. Ban san sa'adda na zare takalmi ba. Na shimfiɗa mayafin kafaɗata, na ta da kabbara.

Ina tsaye na ji takun mai gadi. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, aikinsa yake yi. Sai na ji ɗana a kunnena: "Ummi, don Allah ki sallame. Abincin yara ne." Na ji shi har cikin ƙashina. Amma uwata ta koya mini ba a katse salla sai don wuta ko maciji, kuma ban ga ko ɗaya ba. Na yi ruku'u. Mai gadin ya matso zai kama hannuna, sai na ga ƙafafun ɗana sun shiga tsakanina da shi. Bai ture kowa ba, tsayawa kawai ya yi ya ƙi gusawa, ana yi masa magana da yarensu yana amsawa a hankali, har na idar. Ban yi gaggawa ba, ban kuma ja ba.

Aka fitar da mu duka. Waɗanda ba su gama kallo ba suka yi ta mita, wata Balarabiya ta ce tsofaffin takari ba sa jin magana. Na ce mata takarin da take faɗa da ƙafa iyayensu suka zo Makka, ba a jirgi ba. Muna dawowa gida sharika ta sallame shi. Yanzu a tashar Kudai yake nan Makka, yana tsara motocin mahajjata cikin rana, mutumin da ya saba yawo a fadoji.

Mijin mai rubuta mini ya ce nafila ba farilla ba ce, gidan da yake hannun wasu kuma dokarsu ake bi, sannan ba a neman lada da cutar da wani. Na ce masa karatunsa daidai ne, amma shi bai tsaya gaban mihrabin nan ba. Duk da haka maganar ta zauna mini. Goshin da na sa a ƙasa ban yi nadamarsa ba, ko gobe. Abin da ke cina shi ne kyauta na yi da kayan wani.

Ɗana ya daɗe yana zuwa gaishe ni daga bakin ƙofa, ya juya. Ni kuwa ba a haife ni in ba ɗan fari haƙuri da baki ba. Waina na riƙa soyawa ina aika masa Kudai, kwanon na dawowa wanke, ba saƙo. Sai wata Juma'a ya kawo kwanon da kansa, ya zauna a ƙasa, ya ce: "Ummi, na shiga wurin nan ba adadi, ban taɓa cire takalmina ba." Ban tambaye shi yabo ne ko ƙorafi ba, shi ma bai ƙara ba. Na zuba masa kunu.

To tsofaffi 'yan'uwana, in an kai ku irin wuraren nan, ku auna zuciyarku tun daga ƙofa. In kun san ba za ta iya ba, ku zauna a gindin lemo ku jira, ya fi ku jawo wa wani asara. Ku kuma yara, kada ku ɗauki uwar da ta tsufa a ƙofar Harami ku kai ta masallacin da ba a salla, ku ce ta yi kallo. Ni dai an kai ni, na gaishe shi, ɗana ya biya.