Ta'aziyyar da Babu Mamaci

Wasu shekaru can baya, jikata da ke karatun Hausa a kwalejin horar da malamai ta dawo Yelwa hutu fuska a murtuke. Ta faɗi darasin kwatanta harsuna, kuma dama ɗaya ta rage mata. In ta sake faɗi, sai ta maimaita shekara.

Na ce, "Amarya, kwantar da hankalinki. Angonki ya yi aji huɗu na firamare, har ya maimaita na uku don ya ƙware."

Ta ce kuskurenta shi ne ta cika takarda da yabon Hausa. Malaminsu ya ce ba gasar kokawa ba ce. A jera harsunan biyu gefe da gefe, a nuna inda suka haɗu da inda suka rabu, kowane da misali daga bakin mai harshen. Ita ta zaɓi gaishe-gaishe, Hausa da Gunganci, tunda kakarta, wato matata, Bagungiya ce, a tsibiri aka haife ta.

Muka zaunar da tsohuwa. Jika ta ce, "Inna, yi mini gaisuwar wanda ya dawo daga kamun kifi."

Tsohuwa ta ce, "Wa ya dawo? Ni ba ni gaida iska."

Abin ya ba ni sha'awa. Sai na saɓa tsohon taru, na fita waje, na shigo da sallama ina nishi. Nan take gaisuwa ta zubo, yarinya tana rubutawa. Na sake fita na dawo a matsayin baƙo daga Shanga. Na dawo a matsayin marar lafiya, na kuwa yi tari mai kyau, har maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambaya ko a kira mai babur.

Da muka zo kan ta'aziyya, aiki ya tsaya cak.

Tsohuwa ta ce, "Ba a yi mutuwa ba. Kuna so in kira ta da bakina?"

Jika ta marairaice. "Inna, nan ne malam ya fi yawan tambaya."

Na kawo shawarar a yi ta'aziyyar akuyarmu da ta mutu bara, tunda marigayiyar tana da hali mai kyau. Aka harare ni.

Can tsohuwa ta ce, "Ni ba ni yi ma kowa. Amma ke ki yi mini. Uwata ta rasu da gaske, kabarinta na ƙarƙashin ruwan ga tun da aka yi dam, ruwa ya ci tsibirinmu. Zauna sosai, aje biron."

Ta faɗa mata kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Yarinya ta durƙusa ta maimaita, harshe yana karyewa. Tsohuwa ta amsa, ta ƙara amsawa. Ta ci gaba da magana da Gunganci ita kaɗai, hawaye na bin kumatunta. Ni da na zo wasa sai na rasa inda zan sa idona.

Jika ba ta rubuta komai a ranar ba, amma kalmomin sun zauna mata. Ta ci jarrabawar, yanzu ita ke wahalar da 'ya'yan wasu da irin tambayar nan.

Ni kuwa abin bai bar ni ba har yau. Da Hausa na nemi matar nan, da Hausa muka yi faɗa muka shirya, ban taɓa tambayar abin da ta ajiye a ɗaya harshen ba. Kwanaki dai na daure na ce, "Hajiya, ranar da na tafi, da wanne za ki yi kukana?"

Ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, "Da Hausa, Malam. Kai da ba ka jin Gunganci, in yi ta yi a banza?"