Rabin Waƙar Mang Celso

Tsoro ya fara kama Rhodora ne lokacin da ta kunna naɗin farko a kwamfuta, ta ji mahaifiyarta tana waƙa ita kaɗai. Ta rera baiti, sai shiru, sai dariya, sai wani baitin. Inda muryar mahaifinta ya kamata ta shigo, babu komai sai carar zakara da kiɗan maƙwabta.

Da safiyar ranar kamfanin jirgin ruwa ya bugo waya: mahaifin nata, Mang Celso, ya yanke jiki ya faɗi a kicin, an sauke shi a wani asibitin ƙasar waje, bakinsa ba ya iya furta komai.

Mang Celso kuku ne. Tun kafin a haifi Rhodora yake barin garinsu Batangas ya bi jiragen dakon kaya, yana dafa wa ma'aikata shinkafa da kifi, ya dawo da cakulan a jaka da warin man inji a riga. Ta fi sanin muryarsa a kan fuskarsa. Da can kaset yake aikowa. Daga baya, kowace Lahadi bayan an taso daga coci, yakan kira ta kwamfuta su yi waƙa da matarsa Aling Minda, shi baiti ita baiti.

"Minda, wannan waƙa ce ko kiran kaji?" yakan ce.

"Kai da tukwane kawai ke sauraronka, wa ya tambaye ka?"

Karaoken maƙwabta, na'urar waƙarsu mai ƙara, ba ya barin a ji komai ranar Lahadi, don haka uwa da 'ya suke raba abin sawa a kunne, kowacce ɓari guda. Tun tana jami'a Rhodora ke naɗar waƙoƙin. Ta danna, ta ga layi yana motsi, ta adana. Ba wanda ya taɓa saurare. Mai waƙar ai zai sake kira mako mai zuwa.

Sai yanzu ta gane: kwamfutar abin da makirufo ya ji take ɗauka, ba sautin da ke fitowa daga cikinta ba. Muryarsa ta bi wayar abin sawa a kunnen ta shige kunnuwansu, ta tsaya nan. Ta yi ta laluben saiti, ta gwada ya ƙi, ta sake, har ta tono wanda aka ɓoye, mai ɗaukar sautin cikin kwamfutar, ta kunna. Ya yi. Amma na baya ba su dawo ba.

"Sa min waƙar Kirsimeti," in ji Aling Minda.

"Nanay, ke kaɗai ce a ciki," Rhodora ta ce wa mahaifiyarta.

"Sa dai."

Aling Minda ta zauna tana ji. Da shirun ya zo, ta rera baitin mijinta ƙasa-ƙasa.

"Nan yake shaƙewa kullum," ta ce, "ya ɗora wa teku laifi."

Asibitin ya ce zai kira idan likita ya gama duba ko maganarsa za ta dawo. Har yanzu ba su kira ba.