Ranar da Sunaye Suka Riƙa Ɓacewa

Duk tsawon shekarun da na yi ina aikin ordinata, wato kwamfuta, akwai mako guda da har yau bai fita raina ba, kuma ban ga ranar da zai fita ba.

Lokacin ban daɗe da gama karatu ba, wata ƙungiyar manoma a Tasawa ta ɗauke ni in rubuta mata ƴar manhajar da za ta riƙe sunayen membobinta. Kowane mutum yana da layinsa: suna, ƙauye, yawan gonaki. Da wannan jerin za a raba irin wake kafin ruwan farko, wanda kuwa ba ya ciki ba shi da rabo.

Na yi wata dabara da nake ji da ita a lokacin. Idan aka buɗe jerin wani ƙauye, abin da ya fito a allo ba kwafi ba ne, a haɗe yake da ainihin rumbun bayanan. Ka gyara harafi ɗaya ka danna, nan take ya sauya a can ciki, babu tambaya, babu maɓallin ajiyewa. Na ga hakan ya rage mini rubutu, ya kuma rage wa mai aiki wahala.

Mai aikin kuwa shi ne sakataren ƙungiyar, dattijo, tsohon malamin lakwal da ya daɗe yana koyar da boko, mai danna haruffa da yatsa ɗaya. Na nuna masa sau ɗaya, ya ce ya gane, na tafi.

Ana saura kwana huɗu a fara rabo, wani manomi ya zo daga wajen Urafane don ya tabbatar da sunansa. Aka duba, babu. Ni da hannuna na shigar da shi, na ma tuna fuskarsa. Kafin azahar wasu biyu suka zo, su ma babu. Na ƙirga layukan gaba ɗaya, adadinsu bai ragu ko da ɗaya ba. To ina mutanen suka shiga? Sai na lura da wani abu da ya ƙara dagula mini kai: duk waɗanda suka ɓace, sunansu da harafin A ya fara.

Na yi zargin cutar ordinata, na wanke na'urar, ba a sami komai ba. Na karanta abin da na rubuta layi-layi har idona ya yi ja, babu inda na ba da umarnin gogewa. Washegari wasu shida suka sake ɓacewa.

Sannan abu mafi muni ya fito. Wani shugaban manoma na wani ƙauye kusa da Hawandawaki, mutumin da kowa ke gani da mutunci, sunansa ya bayyana sau biyar, kowanne da gonaki daban. Magana ta fita daga biro, ofishin ƙungiyar, ta shiga gari. Aka fara cewa ya haɗa baki da sakatare don ya kwashe rabon mutane. Ya hau moto ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi zama.

"Ɗiyata," ya ce mini, "ni ban san yadda ake kunna wannan abu ba. Ki gaya mini mi na yi."

Na roƙe shi ya ba ni lokaci in bincika. Kuma ba zan ɓoye ba, ni kaina na fara kallon sakataren da wani ido.

A rana ta uku na rasa abin yi, sai na jawo kujera na zauna kusa da shi, na ce ya yi aikinsa kamar ba na nan. Wata mata ta shigo neman sunan mijinta. Malam ya buɗe jerin ƙauyensu, ya kai yatsa kan layin farko, ya goge sunan da ke wurin, ya rubuta na mijin, ya danna. Jerin ya sake tsara kansa bisa haruffa, allon ya yi tsalle ya tsaya a kan sunan.

"Ga shi nan," in ji shi. "Wannan na'ura taki ba ta taɓa rasa mutum ba."

Nan take na gane abin da ke faruwa. Malam ya ɗauka layin farko wurin nema ne. Duk wanda ya nema, sai ya rubuta shi a kan mutumin da ke saman jerin, manhajata kuma ta ajiye ba tare da ta ce uffan ba. Shugaban nan kuwa shi aka fi nema, saboda mutanensa kan turo a duba musu ta sunansa.

Da na yi wa Malam bayani, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce ashe shi ya yi ta kashe mutane da yatsa. Na ce masa a'a, ni na bar ƙofar a buɗe ban gaya wa kowa ba.

Allah ya taimaka akwai tsohon kwafi a kile, ƴar na'urar ajiyar bayanai, akwai kuma kaye, littafin da Malam ya fara rubuta sunayen a ciki. Muka yini biyu yana karantawa ina mayarwa. Na rufe jerin ya zama na kallo kawai, na sa wurin nema babba a sama, gyara kuma sai an tambaye ka ko ka tabbata. Ranar rabo na miƙe gaban jama'a na faɗi cewa kuskuren nawa ne. Shugaban ya ce ya yafe, amma na san akwai waɗanda suka ji zargin ba su ji wankewar ba, kuma wannan ba ni da yadda zan gyara shi.

Tun daga nan ban sake miƙa wa kowa aiki ba sai na zauna na ga yadda hannunsa ke tafiya a kansa. Na kuma koyi cewa kowane layi a rumbun nan mutum ne mai gona da iyali da mutunci, bai kamata ya sauya cikin sauƙi haka ba, ba tare da an tsaya an tambaya ba.