Alvina Ta Ƙi Shiga Mota

A wajenmu, nan Dakota ta Arewa, mutum ba ya tafiya a ƙasa sai ɗayan biyu: ko motarsa ta mutu, ko kansa ya taɓu. Ko akwatin wasiƙa da ke bakin hanya da a-kori-kura ake zuwa duba shi. Shi ya sa da matar yayana, Alvina Ketterling, ta fara yawo da ƙafa bayan ta ba saba'in baya, sai gari ya ɗauka.

A gona aka haifi Alvina, a gona ta yi aure. Yayana Reinhold ya kawo ta tana 'yar siririya mai tsiwa, ni kuwa na ce na samu abokiyar tsokana. Har yau "matarmu" nake ce mata, ita kuma ta ce min "uwar son jiki", kuma ba ƙarya ta yi ba. Da girbi ita ke jan babbar motar alkama zuwa rumbun gari, in sanyi ya shigo ta koma dafa wa 'yan makaranta abinci. Babu yaron da ya tashi a garin nan bai ci wainar kirim ɗinta ba, wadda muke kira kuchen, babu kuma wanda bai sha faɗanta ba. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Marlys, tana aikin ofis can birnin Fargo.

Bayan rasuwar Reinhold aka yi wa Alvina aikin ƙugu, aka sa mata na ƙarfe. Likita ya ce maganin ɗaya ne, ta riƙa tafiya kullum. Da dusar ƙanƙara ta narke, ta ɗaura ɗankwali ta hau hanyar tsakuwa. Ko shingen gonarta ba ta wuce ba, sai ga maƙwabcinta Wilbert Schatz ya taka birki. Wilbert mutumin kirki ne, sai dai kunnensa ya yi nauyi, kansa ma bai cika saurin ɗaukar sabon abu ba.

"Alvina, a ina motar ta mutu?"

"Lafiyarta ƙalau, tana gida. Tafiya nake."

"Ai na ga tafiya kike. Shigo in kai ki."

"Ba inda za ni, Wilbert."

"Ba inda za ki?" Ya dube ta, ya dubi hanya gaba da baya. "To shigo in mai da ke gida."

A nan ƙin shiga motar maƙwabci daidai yake da ƙin shan kofinsa. Kunya ta sa ta shiga. Washegari mai rabon wasiƙa ce ta kwaso ta, jibi fasto. Haka ta yi ta fita motsa jiki, ba abin da ke motsawa sai tayoyin motar mutane. Da ta ga abin ba na ƙare ba ne, rannan tana hango ƙurar mota sai ta ɗaga wayar shinge ta kutsa cikin makiyaya.

Tun daga ranar ba mu sake samun lafiya da ita ba. Ta zo min ido na ƙyalli.

"Hulda, kin san akwai sawun amalanke a bayan Tudun Sirdi?"

"Na san akwai macizai," na ce.

Ko a jikinta. Wai layi biyu ne suka nutse cikin ciyawa, sai rana ta yi ƙasa ake ganinsu sosai, hanyar da kakanninmu suka biyo daga inda layin dogo ya ƙare. Wai gaba kaɗan akwai duwatsu jere zobe-zobe, inda mutanen da suka riga mu zama nan suke danne bakin tantinsu, kuma ba ta yarda ta taɓa ko ɗaya ba. Ta gano tsohuwar maƙabarta mai gicciyen ƙarfe da maƙera suka ƙera, har da sunan ƙanwar kakarta. Ta ce shekara da shekaru ta gilashin mota take kallon ƙasar nan, ba ta taɓa sanin tana da ƙamshi ba. Gaskiya na ji mata daɗi, don rabon da in ga ta yi dariya haka tun Reinhold yana raye.

Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Wilbert ya je duba shanu, ya hango ta durƙushe a tsakiyar makiyaya tana shinshinar ciyawa. Da zuciya ɗaya ya buga wa Marlys waya. Mai rabon wasiƙa ma ta buga, ta ce ta gan ta a kan tudu tana tsaye ita kaɗai, ba saniya, ba kare, ba dalili. Kafin mako ya zagayo Marlys ta kama mata ɗaki a gidan tsofaffi a Fargo, ta iso da bayan motarta cike da kwalayen kwasar kaya. In ta yi nasara, za a rufe gidan, Alvina kuma ta bar nan ke nan har abada.

Ina wurin da safe aka yi ta. Alvina ta zuba mana kofi, ta saurari 'yarta tsaf, sannan ta ce, "Na ji. Amma kafin a naɗe min kaya, tashi ki raka ni. In kin ga na ɓata hanya, ni da hannuna zan cika kwalayen."

"Mama, ba gardama na zo yi ba."

"Ni ma rakiya na ce. Ke ma uwar son jiki tashi, shaida nake so."

"Gwaggo, ki yi mata magana mana," in ji Marlys.

"'Yar nan, tun kafin a haife ki nake mata magana," na ce, na nemi takalmina.

Iskar nan tamu da ba ta hutu ta tare mu tun daga ƙofa. Alvina na gaba da sanda, ta ɗaga wayar shinge mu kutsa, ta mai da kowace ƙofar shinge yadda ta same ta. Marlys na biye da takalmin birni, ƙaya na cin safarta. Ni ce kurar baya, ina tsine wa likitan a zuci. A hanya Marlys ta fara 'yan dabarunta.

"Mama, yau wace rana ce?"

"Asabar. Ranar da kika saba kwana har hantsi, in yi ta jan bargo."

"Me kika ci jiya da rana?"

"Miyar kabeji. Gwaggonki ta ci kwano biyu, ta ce ba gishiri."

Ta nuna mana sawun amalanke, Marlys ta tsaya a cikinsa tana bin sa da kallo. Ta nuna mana 'yan furannin nan masu gashi da ke riga kowa fitowa bayan sanyi, ta ce su ne Wilbert ya ga tana shinshina. Ta bi da mu ta gefen zoben duwatsu a hankali, kamar mai wucewa ta ƙofar ɗakin da ake barci. Da muka hau Tudun Sirdi, tsohuwar da aka zo ɗauka ce kaɗai ke numfashi daidai. Daga can ana ganin komai: kogi na walƙiya, hasumiyar cocinmu, rumbun alkama, da rufin gidanta ɗan mitsitsi a tsakiyar ciyawa.

Marlys ta zauna a kan dutse ta cire takalmi. Ina tsammanin tsakuwa za ta kakkaɓe, sai na ga hawaye.

"Na ga kanki ƙalau yake, Mama. Ba shi ne ba. Tsoro nake a bugo min waya wata rana, a ce an tsince ki a ciyawa."

Alvina ta dogara sanda ta zauna kusa da ita, ta gyara mata gashin da iska ta hargitsa.

"Wayar nan za a buga miki ita, 'yata, ko ina nan ko ina Fargo. Ba ni da maganinta, ke ma ba ki da shi. Abin da nake roƙo, ki bar ni in zaɓi inda za a tsince ni."

Ni dai na juya baya na yi kamar ina kallon kogi, don nawa idon ma ya cika, kuma ban so matarmu ta samu abin tsokanata na shekara guda. Tsoron da ban faɗa wa kowa ba shi ne, in aka tafi da ita, ni kaɗai zan rage cikin waɗanda suka san Reinhold yana saurayi.

Can Marlys ta share fuska, ta mai da takalminta.

"Maƙabartar da kika ce, da nisa daga nan?"

"Ga ki da ƙafar 'yan birni, gobe dai."

"To goben. Zan kwana biyu, ki nuna min duk inda kike bi, in san wurin da zan riƙa hango ki in ina ofis."

Alvina ta miƙa mata hannu, 'yar ta tashe ta, suka kama gangara kafaɗa da kafaɗa, ni ina binsu a baya ina ɗingishi. Tana nan a gidanta har yanzu. Duk safiya Marlys kan kira ta tambaye ta ina za ta yau, ita kuma ta faɗa mata.