Dunƙulen leda a rumfata

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, a Kore Mairuwa. Aji huɗu na yi a makaranta, baba ya cire ni ya ba ni wuƙa. Aikinmu yana da tsari, kuma ban taɓa yarda a tsallake shi ba: a yanka, a feɗe, a farke ciki, a fid da kayan ciki, sannan a kai tumbi bayan mahauta a zazzage a wanke. A wurin zazzagar nan maganata take.

Mun daɗe muna ciro leda daga tumbin dabbobi. Baƙar leda ce, irin wadda muke ƙulla wa mutane nama a ciki. Takan murɗe da tsumma da guntun igiya ta yi tauri kamar saiwa. Al'adarmu ita ce ba a faɗa. Wanda ya ciro sai ya wurga ta kan juji ya kama bakinsa, kada mai saye ya ji ƙyama. In ta bushe, da sauran ciyawa a jikinta, awakin gari su zo su tauna. Watau leda guda muna iya ciro ta sau biyu. Ni ban taɓa lura ba.

Wata mata ce ta nuna mini. Daga Dogon Dutsi ta zo, ma'aikaciyar wata ƙungiya mai yaƙi da leda da guba. Ta same mu ranar kasuwa, ta gaida sarkin pawa yadda ya kamata, ta tambaya ko muna samun leda a cikin dabba.

Sarki ya ce, "Malama, bisashenmu haki suka ci."

Kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Ba ta yi gardama ba. Ta juya ta dubi juji, inda wata akuya ke jan baƙin abu da haƙora, ta daɗe tana kallo har sai da muka kalla tare da ita. Ta ce za su ajiye mana ganga mu riƙa zubawa, su kwashe, kuma kada mu ƙone, hayaƙin guba ne. Aka kawo ganga. Wata biyu ba abin da ya shiga cikinta sai ruwan sama.

Sai wani Bafillace abokina ya koro saniya daga wajen Dogon Kiriya. Mu Arawa da Fulani taubasai ne, ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna ba. Ranar kuwa ya iso babu tsokana. Saniyar ta rame, ciki ya kumbura, ta daina tuƙa. Abokin nawa ya yi mata jiƙo, ya yi mata hayaƙi, ya ce ko iska ce ta taɓa ta. Na saya na yanka. Maimakon ya tafi, sai ya biyo ni bayan mahauta ya tsaya a kan sandarsa.

Ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi, ya ce, "Bawana, mi ka gani ciki?"

Amsar da aka koya mini ita ce ba komai. Amma na san yana da sauran shanu, kuma ta gefen kasuwar nan suke bi zuwa rijiya. Na sa hannu biyu na jawo abin, ya cika daro.

Na ce, "Ga iskar taka nan. Kai da ka ce ka san saniya."

Ya tsuguna ya taɓa da sanda. Ya ce, "Wagga ba ta daji ta ba. Daga hannunku ta hito."

Gaskiya ya faɗa, ban musa ba.

Na wanke dunƙulen, na shanya shi kwana uku, na huda shi da ƙarfe na rataye a gaban rumfata, daidai inda ake rataya cinya. Bayan haka na daina sayen leda. Mai son nama ya zo da kwano, wanda bai zo da shi ba in naɗe masa a ganyen kalgo, yadda na ga baba yana yi. Duk wanda ya tambayi abin da ke rataye, na gaya masa daga inda ya fito. Wasu suka tofar da yawu suka wuce, kuma ba rumfata kaɗai suka wuce ba, har na maƙwabtana.

Sarkin pawa ya kira ni gaban 'yan'uwa.

"Ɗana, asirin sana'a za ka tona?"

"Ranka shi daɗe, ba mu munka rufa asirin ba, shi ya rufe mu."

"Ko ka sauke abin ga kafin kasuwa mai zuwa, ko ka bar layin mahauta."

A layin nan kakana ya tsaya, baba ya tsaya. Na koma gida na yi kwana shida ina juya maganar. Ranar kasuwa da safe na cire dunƙulen daga inda yake, mahauta suka fara murmushi. Na cire teburina ma, na ɗora duka a kan amalanke.

Yanzu rumfata tana can ƙarshen kasuwa, kusa da inda ake ɗaure shanu. Akwai rana, akwai ƙuda, ciniki bai kai na da ba. Makiyaya kan tsaya su dubi abin, su yi magana da Fulatanci, wasu su canja hanyar rijiya. Abokina yakan zo da ƙwaryarsa ya ce naman Ba'are ƙashi ya fi yawa. Ganga kuwa ta fara cika, ko da yake ba mahaucin da ya yarda shi ke zubawa.

Bara sarki ya aiko a ce mini wurina yana nan, in dawo, amma ni kaɗai, ban da dunƙulen. Na ce a gaishe shi da kyau, a gaya masa tare muka fito, tare za mu koma.